Wuta, Fetur Da Sola: Lissafin Da Ke Tsakanin Ɗan Kasuwa Da Asarar Jarinsa

A watan Maris na shekarar 2025 ne aka kunna inji na bakwai, kuma na ƙarshe, a madatsar ruwa ta Nachtigal da ke kan kogin Sanaga, kimanin kilomita 65 arewa maso gabas da Yawunde, babban birnin Jamhuriyar Kamaru. Da wannan ne tashar ta kai cikakken ƙarfinta na megawat 420, wanda hukumomi suka ce ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na wutar lantarkin ƙasar. Jama'a da dama sun ɗauka an yi ban kwana da ɗauke wuta ke nan. To amma watannin da suka biyo baya sun nuna cewa da sauran rina a kaba, domin a unguwanni da dama na Yawunde da Duwala wutar ba ta daina ɗaukewa ba, idan kuma ta zo, wani lokacin takan zo ba ƙarfi.

Babu inda wannan al'amari ya fi taɓa 'yan uwanmu Hausawa kamar Briqueterie, unguwar da ke maƙwabtaka da Messa da Tsinga a gundumar Yawunde ta Biyu, wadda ake yi wa laƙabi da Brik. Unguwar ta samo sunanta ne daga masana'antar bulo da aka taɓa yi a wurin zamanin Turawan mulkin mallaka, kuma tun wancan zamani Hausawa fatake da sauran Musulmi daga arewa suka mai da ita mazauninsu. A yau an san ta da teloli da masu aikin surfani, da dillalan atamfa da shadda, da 'yan tsire da ƙilishi. Sana'o'i ne da ba sa tafiya sai da wuta, ko dai ta lantarki, ko ta gawayi, ko ta fetur ɗin janareta.

Shi ya sa a majalisun masu shayi da bakin shaguna, a Brik ko a Kusiri, a Mubi ko a Jibiya, a Maigatari ko a Birnin Ƙonni, tambayoyin da ake ta muhawara a kansu kusan iri ɗaya ne. Me ya sa ƙwai ke dishewa da zarar maƙwabci ya jona dutsen guga? Me ya sa firiza ke ƙonewa alhali wutar ba ta da ƙarfi? Yaya aka yi fetur ya kama da wuta alhali babu wanda ya kai ashana kusa da shi? Me ya sa batirin sola da aka ce zai kwana ke mutuwa kafin ƙarfe biyun dare? Akan yi ta musu, kowa da nasa bayani, a ƙarshe a tashi a kan cewa kayan zamani ne ba su da kyau, ko kuma a ce ƙaddara ce.

Mu a ganinmu waɗannan tambayoyi ba hirar kashe lokaci ba ce. Tambayoyi ne na ilmin kimiyyar fiziks, wanda ake koya wa 'ya'yanmu a sakandare, kuma kowace daga cikinsu tana da amsa tabbatacciya. Rashin sanin amsar yana cin jari, yana kuma cin rayuka. Abin da ya ƙara wa batun nauyi shi ne, mu 'yan kasuwar kan iyaka, mu ne ke shigo da wayoyin da soket-soket ɗin da baturan da jarkokin man. Ke nan mu ne masu sayarwa, mu ne kuma waɗanda gobarar ke fara yi wa ɓarna.

Samar da wuta daban, kai ta shago daban

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 2001 ne gwamnatin Kamaru ta sayar da mafi yawan hannun jarin kamfanin lantarki na Sonel ga kamfanin AES na Amurka. A 2014 kamfanin Actis na Ingila ya karɓa, aka sauya suna zuwa Eneo. A 2015 aka kafa Sonatrel domin kula da manyan layukan jigilar wuta, sannan a ƙarshen 2025 gwamnati ta ƙulla yarjejeniyar sayen hannun jarin Actis. Suna ya yi ta sauyawa, mai shi ya yi ta sauyawa, amma dokar da Allah Ya ɗora wa wutar lantarki ba ta san sunan kamfani ba.

Abubuwa uku ne ya kamata kowane mai shago ya riƙe. Na farko bolt, wato ƙarfin turin wutar, kamar dai ƙarfin da ruwa ke fitowa da shi daga famfo. Na biyu amfiya, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya. Na uku wat, wato aikin da wutar ke yi, kuma ana samun sa ne idan aka ninka bolt da amfiya. A Kamaru da Nijeriya da Nijar da Chadi, wutar gida tana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ne, shi ya sa kaya ke ƙetare iyakokin nan ba matsala. Amma kayan gwanjo da aka yi domin Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne, wanda duk ya jona su kai tsaye ya san sauran.

Ita kuwa waya, duk lokacin da wuta ta bi ta cikinta sai ta yi zafi, kuma zafin nan asara ce. Abin lura shi ne, zafin ba ya ƙaruwa daidai da ƙaruwar amfiya. Idan amfiya ta ninka sau biyu, zafin zai ninka sau huɗu. Idan ta ninka sau uku, zafin sau tara. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗauko wutar Nachtigal zuwa tashar Nyom da ke arewacin Yawunde a kan layi mai bolt 225,000, domin idan bolt ya yi yawa, amfiya kaɗan ake bukata, asarar hanya kuma sai ta ragu. Matsalar takan faro ne bayan wutar ta sauko cikin gari. Taransifomar da aka kafa domin gida ɗari a unguwa irin Brik, yau gida nawa da shago nawa ke rataye a kanta? Komai yawan ruwan da ke madatsa, idan bututun da ke shiga unguwa siriri ne, ɗiso-ɗiso za a riƙa samu.

Nan amsar tambaya ta farko take. Idan maƙwabci ya jona dutsen guga, amfiyar da ke bi ta wayar da kuke tarayya a kanta ta ƙaru, wani kaso na bolt ɗin ya salwanta a hanya, sai ƙwanka ya dishe. Ita kuma firiza, injinta ba kamar dutsen guga yake ba. Idan bolt ya ragu, dutsen guga sai dai ya ƙi yin zafi sosai, amma injin firiza ko na famfon ruwa sai ya riƙa fafutukar juyawa, ya janyo amfiya fiye da kima, wayoyin cikinsa su yi zafi har su ƙone. Sitabilaiza tana taimakawa, sai dai a sani ba ta ƙirƙiro wuta daga babu. Tana ɗaga bolt ne ta hanyar janyo ƙarin amfiya daga layin. Idan kowa a layi ya saka, nauyin da ke kan taransifoma da wayoyi sai ya ƙaru.

Bugu da ƙari, akwai wani haɗari da ba a cika magana a kansa ba. Idan wayar nan da masu gyara ke kira nutural ta tsinke ko ta saki a kan turke, wasu gidaje za su ga wutarsu ta yi ƙasa, wasu kuma ta yi tashin gwauron zabo har ta doshi bolt 380. A irin wannan dare ne ake wayi gari talabijin da caja da ƙwayaye na layi guda sun ƙone gaba ɗaya.

Wayar da muke sayarwa

Bari mu yi lissafi da shagon tela guda. A ce yana da dutsen guga biyu, kowane wat 1,200, da kekunan ɗinki masu mota guda biyu, kowane wat 400, sannan yaron shago ya jona hitar dafa ruwan shayi mai wat 1,500. Jimla wat 4,700 ke nan. Idan aka raba da bolt 220, za a samu amfiya 21 da 'yan kai. To wayar jan ƙarfe mai kaurin milimita 1.5, wadda ita aka fi ja a shagunanmu, ba a so ta wuce amfiya 16 ko da mai kyau ce. Shi kuwa soket mai baki da yawa da ake jawowa a ƙarƙashin tebur, galibinsa na amfiya 10 ne. Idan aka ɗora masa 21, zafin da zai yi ya haura ninki huɗu na abin da aka yi shi dominsa. A gefensa kuma ga bandir ɗin shadda, ga ƙyallaye, ga soso.

Wani abin takaici shi ne, ba kowace wayar da ke kasuwa ba ce jan ƙarfe. Akwai wadda alminiyon ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, akwai kuma wadda aka rubuta mata 2.5 alhali cikinta bai kai ba, robar ce kawai aka yi wa kauri. Alminiyon ba ya wuce da wuta kamar jan ƙarfe. A kauri ɗaya da amfiya ɗaya, zafin da yake yi ya ɗara na jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100. Yana kuma narkewa a digiri 660, alhali jan ƙarfe sai ya kai digiri 1,085. Gane ta ba wuya: a kankare silin wayar da wuƙa, idan cikinta fari ne, an gane. A ɗora naɗin a kan sikeli, domin jan ƙarfe ya fi alminiyon nauyi sama da ninki uku. Idan kuwa maganaɗisu ya kama ta, to baƙin ƙarfe ne aka yi wa ado.

Ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ba a watan Maris na 2016, wadda rahotanni suka ce ta cinye shaguna kimanin 3,800. A watan Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, watanni biyu bayan nan ta Katsina ta biyo baya. Kasuwar Mokolo da ke daf da Messa ta sha ganin gobara, haka ma Mboppi da Marché Congo a Duwala. Ba mu ce duk waɗannan lantarki ne ya jawo su ba, amma sau nawa muka ji bayanin bayan gobara ya ƙare a kan cewa wuta ce aka maido cikin dare? Bayanin kuwa a fili yake. An ɗauke wuta da La'asar, mai shago ya manta dutsen guga ko hita a jone, ya kulle ya tafi gida. Ƙarfe ɗayan dare aka maido da ita, babu kowa a wurin.

Maganin wannan bai kai kuɗin yadi biyar na shadda mai kyau ba: makashin wuta guda a bakin ƙofa wanda za a sauke kafin a sa kwaɗo, da na'urar nan mai yanke wuta da kanta idan nauyi ya yi yawa, wadda a ƙasashen renon Faransa ake kira disjonkta. Amma me muke gani? Idan fis ya tsinke, sai a naɗa masa waya mai kauri domin kada ya sake damun mutane. Alhali shi fis an yi shi ne domin ya mutu a madadin shago. Wanda ya hana shi tsinkewa ya zaɓi wayar cikin silin ta zama ita ce za ta ƙone.

Fetur: tururin ne ke kamawa

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin cinikin fetur a kan iyaka ya sauya. Ita ma Kamaru ta ƙara farashin lita daga sefa 630 zuwa 730 a watan Fabrairun 2023, sannan zuwa 840 a Fabrairun 2024. Duk da haka, man jarka da na kwalba, wanda a arewacin Kamaru ake kira zuwa-zuwa, bai bar bakin titi ba. Tun da yana nan, wajibi ne a san halinsa.

Mutane da yawa sun ɗauka ruwan fetur ɗin ne ke ci da wuta. Gaskiyar magana ita ce tururin da ke tashi daga gare shi ne ke kamawa. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin Garwa ko Maraɗi. Shi gas na manyan motoci sai ya ɗumama ya haura digiri 50 kafin ya yi haka, kananzir kuma wajen digiri 38. Wannan ne ya sa kananzir ɗin da aka gauraya da fetur ke tarwatsa fitila da risho a hannun matan aure.

Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Saboda haka ba ya tashi sama ya ɓace. Ƙasa yake bi, ya kwarara cikin kwata da rami da ƙarƙashin ƙofa, har ya tarar da murhu ko janareta ko guntun taba a nesa, sai wutar ta biyo shi da gudu ta dawo inda man yake. Kashi ɗaya da rabi cikin 100 kacal na iskar ɗaki yake bukata ya cika kafin ya zama abin fashewa. Idan aka yi lissafi, lita biyu zuwa uku da suka zube suka bi iska sun isa su mai da ƙaramin shago rufaffe tamkar bam. Haka kuma duron da aka juye man cikinsa ya fi cikakke haɗari, domin shi cike yake da tururi da iska. Masu walda da ke yanka duro domin yi wa 'yan tsire tukuba, su riƙa wanke shi su cika shi da ruwa kafin su kai masa wuta.

Mutanen Yawunde ba sa bukatar a ba su labari. Ranar 14 ga Fabrairun 1998, taragon jirgin ƙasa ɗauke da mai ya yi haɗari a unguwar Nsam, kusa da ma'ajiyar mai, jama'a suka yi dafifi da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 200 suka rasa rayukansu. A watan Mayun 2019 irin haka ta faru kusa da filin jirgin saman Yamai, mutum fiye da 50 suka rasu. Ranar 15 ga Oktoban 2024 a garin Majiya na Jihar Jigawa, sama da mutum 150. Ranar 18 ga Janairun 2025 a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, sama da 80, inda rahotanni suka ce an kawo janareta ne domin juye man zuwa wata tanka. Shekara 27 tsakanin Nsam da Dikko, amma darasin ɗaya ne, kuma har yau bai shiga kunne ba.

A ƙara da wannan: ba a kashe wutar fetur da ruwa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, sai ya hau kansa, ruwan ya ɗauke shi yana ci ya kai shi shagon gaba. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda. Haka wutar da ta tashi daga waya, ba a watsa mata ruwa sai an yanke lantarkin.

Akwai kuma wani lissafi da ya shafi aljihu kai tsaye. Fetur yana kumbura da zafi, kimanin kashi ɗaya cikin 1,000 a kowane digiri. Jarka mai lita 25 idan zafinta ya ƙaru da digiri goma, za ta ƙaru da kusan rubu'in lita. Tanka mai lita 33,000 kuwa, da kimanin lita 300. Wanda ya auni mai da zafinsa ya je ya sayar bayan ya huce zai ga gibi, ya zargi yaronsa ko direba da sata, alhali babu wanda ya taɓa. Wanda kuma ya cika jarka fal ya toshe ta ya ajiye a rana, ya ba ta dalilin tsagewa.

Hayaƙin da ba a gani

Saboda tsoron ɓarayi da gudun damun maƙwabta, da yawa daga cikinmu kan shigar da janareta cikin shago, ko zaure, ko lungun da ke bakin tagar ɗakin kwana. Hayaƙinsa na ɗauke da wata iska mai suna kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sama da ninki 200. Mutum zai fara da ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka gajiyar kasuwa ce, ya kwanta, shi ke nan. Gawayin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu shi ma ita yake fitarwa. Sau da yawa idan aka wayi gari da gawarwakin iyali guda a ɗaki, sai a koma zargin abinci ko sammu ko kishiya, alhali inji na nan a zaure man cikinsa ya ƙare. Wurin janareta waje ne, nesa da ƙofa da taga, kuma ba a ƙara masa mai yana aiki ko yana da zafi.

Sola da ƙaryar da ke jikin kwali

Tsadar mai da rashin tabbas na wuta sun sa kowa ya karkata ga hasken rana. Jamhuriyar Nijar ta ɗanɗana kuɗarta a watan Agustan 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke mata wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga can take zuwa. Arewacin Nijeriya ya shafe kwanaki cikin duhu a watan Oktoban 2024 bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. Arewacin Kamaru kuwa ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72 a kan kogin Binuwai, wadda ƙarfinta ke raguwa idan ruwa ya ja baya, abin da ya sa aka kafa tashoshin sola a Marwa da Gidar. Kasuwar faifan sola da batir ta buɗe, kuma 'yan uwanmu na cikin manyan dillalanta.

To sai dai a nan ma lissafi ne ke raba gardama. Hasken rana mai ƙarfi yana sauke kimanin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, faifan zamani kuma kashi 20 cikin 100 ko sama kaɗan yake iya mayarwa lantarki. Ke nan faifan da tsawonsa mita ɗaya ne, faɗinsa mita ɗaya, wat 200 da 'yan kai zai bayar. Idan ka ga an rubuta masa 500, to tef ɗin awo kaɗai ya isa ya ƙaryata kwalin. Sannan lambar da ke jikinsa an auna ta ne yana kan digiri 25. A kan kwanon Maraɗi ko Marwa faifan kan kai digiri 60 zuwa 65, ya yi asarar wajen kashi 15 cikin 100. Haske yake so, zafi cutar da shi yake yi. Ƙurar hunturu na rage shi a arewa, gajimare na rage shi a Yawunde.

A taƙaice, faifai mai wat 300 na gaskiya, a rana mai kyau, zai tara wa mai shi abin da bai wuce yunit ɗaya da ɗan ɗori ba, wato kimanin wat 1,100 na awa guda. Dutsen guga ɗaya zai cinye wannan cikin awa ɗaya. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200 yana ɗauke da wat 2,400 na awa guda, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai ake so a ci, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. Zafi ma na rage masa kwana. Wanda aka haɗa wa wannan aka ce masa zai ɗauki firiza da fanka uku da talabijin har Asuba, an sayar masa da rigima ne, kuma shagon da ya saya zai dawo da ita.

Inda riba take a fili shi ne ƙwan fitila. Tsohon ƙwai mai wat 60 da na zamani mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Shago mai ƙwai biyar da ke kunne awa goma kullum, a wata zai ci yunit 90 da tsohon, amma da sabon bai kai 14 ba.

Laifin wa?

Wani zai ce, ai duk wannan ɗora wa talaka laifi ne. Wa ya bar taransifoma ɗaya tana ɗauke da unguwa guda? Wa ya bari jabun waya ta wuce tashar jirgin ruwan Duwala da ta Legas? Ina hukumar ANOR ta Kamaru, ina SON ta Nijeriya? Ina famfunan kashe gobara a kasuwanninmu? Wannan magana gaskiya ce, kuma muna tare da mai yin ta. Haƙƙin hukuma ne ta ƙara taransifomomi, ta sabunta layuka, ta kama masu shigo da jabu, ta kuma samar da ruwan kashe gobara. Kuma mun san ba son rai ne ke sa mutum ya ruga da bokiti wurin tankar da ta faɗi ba, talauci ne.

Amma Hausawa na cewa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba gwamnati ce ta naɗa wa fis waya ba. Ba ita ta kafa tebur da rumfa a kan hanyar da motar kashe gobara za ta bi ba, kuma duk wanda ya san lungunan Brik da na Mokolo ya san ko an buga lamba 118 motar ba za ta iya kutsawa ko'ina ba. Ba ita ce ke cewa masana'anta ta rage kaurin waya a bar lambar yadda take domin a samu sauƙin sari ba. Malamanmu kuma sun sha gaya mana cewa yarda da ƙaddara ba ta hana riƙo da sababi, kuma tauye mudu bai tsaya ga hatsi kaɗai ba. Wayar da aka rubuta wa 2.5 alhali 1.5 ce, mudu ne aka tauye.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, daga Brik har zuwa Illela da Kamba, da su ɗauki matakan da ba sai an jira kowa ba. Kowane layi ya samu babban makashin wuta da mai gadi zai sauke bayan an tashi kasuwa. A riƙa kawo ƙwararren mai gyaran wuta yana duba shaguna aƙalla sau ɗaya a shekara, kafin shigowar hunturu da kuma kafin cunkoson ɗinkin Sallah, lokacin da teloli ke kwana suna aiki. A ware wa masu sayar da mai wuri nesa da masu wuta. A ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara a kowane layi, a kuma koya wa yaran shago yadda ake amfani da su. Ƙungiya ta hukunta ɗanta da aka kama da jabun waya tun kafin hukuma ta zo.

Haka nan muna da 'ya'ya da ƙanne a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya da babbar makarantar injiniyoyi ta Polytechnique, da Jami'ar Ngaundare, da Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Sun karanta waɗannan abubuwa da Faransanci ko Turanci, amma ba mu taɓa zaunar da su sun yi mana bayani da Hausa ba. Girman kai ne ko kunya? Babu faɗuwar girma idan Alhaji mai shago goma ya tambayi ɗansa ɗan aji biyar yadda ake lissafin amfiya. Gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa da Fulatanci su ware ko da minti goma sha biyar a mako domin irin waɗannan tambayoyi, limamai kuma su riƙa tunatarwa idan lokacin sanyi ya gabato.

Bahaushe ɗan kasuwa bai taɓa jin tsoron lissafi ba. Mutumin da ke juya naira zuwa sefa a ka, ya cire kuɗin mota da na kwastan da la'ada, ya faɗi ribarsa kafin mai kwamfuta ya gama dannawa, raba wat da bolt ba zai gagare shi ba. Abin da ya rage shi ne mu yarda cewa wannan lissafin ma na kasuwa ne, mu kuma yi shi kafin mu sa kwaɗo a shago yau da daddare. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.